Sunan Ɗan Fari

Dutsin-Ma,
12 ga Agusta, 1987.

Zuwa ga Gogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya damina a Barkiya?

Yaron naki yana nan kwance a asibiti. Ciwon haƙarƙarin ya hau kai, wuya ya sandare, ba ya gane kowa. Allurar fanisilin ake ta ɗirka masa, amma likita ya ce wannan ƙwayar cutar ta saba da ita, ko gezau. An aika Katsina neman wani magani.

Sista Kezia mai jinyarsa ta ce in riƙa kiran sunansa a kunne, wai muryar uwa za ta jawo shi. Haba, Gogo! Ɗan fari? Ni da ko kallonsa ba na yi gaban mutane? Na ce mata ai ke Gogo kika raine shi, ni "kai yaro" nake ce masa. Ta yi mini kallon marar tausayi.

Da hantsi gyangyaɗi kan ɗauke ni, in gan shi cikin geronku yana ta tafiya, ganye na rufe shi, ruwa na sauka ba ya jiƙa shi. In buɗe baki, ba abin da ke fita. Wallahi tsoro nake ji.

Taki,
Larai.

Dutsin-Ma,
29 ga Agusta, 1987.

Gogo,

Ina gaisuwa, ina kwanan mutan gida?

Alhamdu lillahi, sabon maganin ya karɓe shi. Ya farka, har kunu ya sha. Ya rame, sai idanu.

Jiya da la'asar yana zaune yana kallon ƙadangare a taga, rana ta kwanta masa a ƙeya, ni kuwa kamar ban gama farkawa ba. Sai kawai na ji bakina ya ce Abdulƙadir. Ashe haka sunan yake da daɗi! Na sake, na ɗaga murya har matan ɗakin suka waiwayo. Shi bai waiwayo ba.

Likita ya zo ya tafa hannu a bayansa, shiru. Ya ce ciwon ya tafi da jinsa, da wuya ya dawo. Na yi kuka, Gogo, gaban kowa, ban ji kunyar komai ba.

Muna tafe a motar Kurfi. Ki gaya wa mutan gida, mai dariya ya yi, ni da sunansa zan riƙa kiransa.

Ki huta lafiya.

Taki,
Larai, uwar Abdulƙadir.