Zuwa Ga Mai Jan Taya, Da Safa Ƙafa Ɗaya

Ya sanyin idona, ya inuwar durumi a tsakar rana, ya ruwan sabuwar randa, ya farin watan da nake hange ta saman katangar gidanmu! Ya mijina, Abban wanda ke tafe! Amincin Allah ya tabbata a gare ka, da ƙafafunka masu taurin kai, da tsohuwar tayar motar nan da ka ɗaura a ƙugu kake ja a titi, wadda yanzu ta fi ni sanin inda kake wuni.

Da gangan na rubuto a takarda. Saƙon waya a guje kake karanta shi, kana haki, ka maido mini da hoton babban yatsa. Takarda kuwa dole ka zauna, in har ba ka manta yadda ake zama ba. To zauna, muradin raina, mu yi maganar da kake ta tsallakewa: makon da za ka tafi tseren ƙanƙarar nan naka, shi ne makon da likita ta ce zan sauka. Kana gefena ta faɗa. Na dube ka, kai kuma ka dubi agogonka mai ƙirga bugun zuciya.

Tun da Baba ya aika aka taho da ni gida goyon ciki, a bakin mutane nake jin labarinka. Yaya Kabiru ya ce 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa sun raɗa maka suna, Jafaru Mai Taya. Kai da ɗalibai ke rusunawa suna ce maka Malam! Wai da an sallame sallar asuba sai ka fito, igiya a ƙugu, taya na gurnani a bayanka, ka bi gindin badala, ka hau Dala ka sauko, ka hau Goron Dutse ka sauko, ba abin da ka kai, ba abin da ka ɗauko. Jakin masu yashi ma, masoyina, in ya je ya dawo akan ga abin da ya kawo. Wai a can a kan ƙanƙara za ka ja kayanka, shi ne kake gwaji. Gwaggo Kande ta hango ka daga cikin adaidaita, ta shigo gida tana salati, ta haɗa habbatussauda da tafarnuwa za ta aika a yi maka hayaƙi. Da ƙyar na hana ta, kuma ba don na tabbata ba ka buƙata ba.

Wai ma wane irin tsere ne wannan? Tafiyar da ta fi daga nan zuwa Zariya, a ƙafa, cikin dajin da tsuntsaye ma suka yi ƙaura saboda sanyi, a ƙasar da rana ke leƙowa ta koma kamar an yi mata laifi! Ba zaki ya biyo ku ba, ba gobara kuka guda ba, ba wanda ya aike ku. Ƙattin mutane da gemunsu, sun bar gadajensu da iyalansu, sun je suna ƙirga yatsun da suka yi saura. Kuma ladan? Wani faifan ƙarfe mai igiya da za a rataya maka a wuya. Haba, rabin raina! In ƙarfe kake so, maƙeran Kurmi za su buga maka wanda ya fi shi faɗi kafin la'asar, har su zana sunanka.

Kuma wa ma zai yi tseren sanyi? Kai? Kai da in iska ta ɗan kaɗa sai na ɗora maka ruwan alwala a wuta? Kai da kake kwana da safa da hular sanyi, ka janye mini bargo, ka naɗe kamar alkaki? Ban manta ranar da ka kwashe mini zoɓo da ƙullin nama daga firiza ba, ka zura hannuwanka ciki da sabuwar safar hannu wai kana gwada ta, ba ka kai ko'ina ba aka ɗauke wuta, ka tsaya hannu a cikin ruwa kana kallona. Yanzu kuma an ce ka ci gaba: ɗakin sanyin Ado mai kifi kake shiga, ka yi ta tsalle a tsakanin kwalaye, ka fito kana ƙarni, kuliyoyin unguwa na rakiyarka har ƙofar gida. Wannan ne gwarzon da na aura?

Shi ne. Abin da ke ƙona mini rai ke nan, shi ne.

Domin ni na san gudunka tun kafin duniya ta san shi. Ka tuna wata Laraba cikin damina, muna tsakiyar neman aure, da aka tsuge da ruwa har titi ya zama kogi, masu adaidaita duk suka fake? Na riga na cire gyale na ce yau babu zance. Sai ga ka a zauren Baba, daga Ƙofar Ruwa har Kabuga a guje, takalmi a hannu, ruwa na zuba daga gemunka, haƙoranka na karo da juna. Ka zaro ƙullin tsire daga cikin riga, da ɗuminsa, ka miƙo mini ba ka iya ko gaisuwa ba. Wayyo zuciyata! A ranar na so ƙafafun nan, na so hakin nan, na ce a raina mutumin da ke tsoron sanyi haka amma ya keta ruwa domina, ba zan taɓa neman sa in rasa ba. Ashe gudun ne ka aura, ni hanya ce kawai ta biyo ta ƙofarmu?

Gwaggo ta riga ta tara itace, ta wanke babbar tukunyar wankan jego, ta sa a tanadi ganyen darbejiya. Ka ga rabon da ka yi mana: ni a tafasasshen ruwa safe da yamma, kai a ƙanƙara. Wannan bai dame ni ba, mata sun sha kafin ni. Abin da ya tsaya mini a wuya ɗaya ne. Baba ya ce in ba ka nan, shi zai karɓi jaririn ya yi masa huɗuba, ya yi kiran salla a kunnensa, ya raɗa masa suna. Ya faɗa da kyakkyawar niyya, kuma muryar Baba albarka ce. Amma ba ita nake so ɗana ya fara ji ba. Taka nake so, muryar nan da ta kasa gaishe ni a zaure. Dabinon da ka jera a jakarka na guzuri, guda ɗaya a ciki ya isa ka tauna ka shafa masa a baki. Tseren nan kowace shekara ana yin sa, ƙanƙarar ba ƙarewa za ta yi ba. Kunnen da bai taɓa jin komai ba kuwa sau ɗaya ake samun sa, kuma ba ya jiran jirgi ya sauka.

Na san yadda kake shirya jakar nan. Da idona na ga ka ɗauke sikelin da nake auna fulawar cincin, kana ɗora komai a kai: kilishi, fitilar goshi, ashana. Na ga ka datse asuwaki gida biyu wai ya yi nauyi, ka yanke takardar wuyan riga. Mutumin da ya auna asuwaki, ban ga ranar da ya auna abin da zai bari a gida ba.

To ga abin awo na aiko maka. Ka buɗe ƙullin da ke cikin ambulan. Safar jariri ce, da hannuna na saƙa ta, da ragowar zaren da ka ce in yi maka hular tafiya. Ƙafa ɗaya ce, ɗayar tana ƙarƙashin matashina. Ɗora ta a sikelinka, ya hasken gidana, ka ga abin da allurar za ta ce. Na tabbata ko motsi ba za ta yi ba.

In ka jefa safar a jakar tafiyar, na fahimta, ba sai ka yi mini dogon bayani ba. Zan yi maka addu'a a kowace salla, Allah ya tsare mini yatsunka goma na hannu da goma na ƙafa, in kuma tarbe ka da faifan ƙarfenka ba tare da na yi dariya a gaban mutane ba. In kuwa ka kwance igiyar nan daga ƙugunka ka kawo mini safar da kanka, hanyar ka san ta, ka taɓa bin ta cikin ruwa. Ko ka tafi ko ka tsaya, ni taka ce, a zafi da sanyi, har ranar da za a ɗauke ɗayanmu. Sai dai ka sani, yaron nan da ƙafa biyu zai zo, kuma ba zan saƙa wata ba.

Taka, mai raina tayarka da ƙaunar mai jan ta,
Mardiya