Hannun da Zai Je Maputo

Litinin, 6 ga Yuni, 2011
Malam Shitu, kocinmu na Gusau, ya kira ni ina shago. Ya ce, "Mu'awiya, sunanka ya fito cikin waɗanda za a gwada a Legas." Wanda ya tsallake zai buga wa Najeriya ƙwallon tebur a wasannin Afirka, a Maputo. Ni da na koyi wasan a kan tsohon ƙyaure a ƙauyenmu Dareta. Na faɗa wa matata Lubabatu, ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun bara, da gubar dalma ta ɗauke mana ɗiyarmu Zulai.

Alhamis, 16 ga Yuni
Bat, katakon buga ƙwallon, ya suɓuce mini ana tsakiyar atisaye. Na ce gumi ne. Ba gumi ba ne. Wuyan hannun dama ne ya saki, kamar ba nawa ba.

Asabar, 2 ga Yuli
Legas. Tebura jere, fitilu, ƙasa mai santsi. An ba mu koriyar riga ta aro. Na daɗe gaban madubi.

Laraba, 13 ga Yuli
An yi gwajin. Wasan farko na ci, har wani koci ya tambayi daga ina nake. A na biyu hannun ya fara nauyi. Ina ganin ƙwallo sarai, na san inda za ta sauka, na san abin da zan yi mata, amma hannun ba ya ɗagowa. Yaron da ya fitar da ni bai ma yi murna ba, sai kallon hannuna yake. Da na miƙa masa mu gaisa, yatsun sun rataye.
Malam Shitu ya biyo ni waje. "Tun yaushe?" Na ce kwana biyu. Ya ce, "Da ka faɗa mini." To, da na faɗa ɗin fa?

Juma'a, 22 ga Yuli
Na dawo gida Anka. Likita ya ɗibi jinina. Ya tambaya ko na taɓa niƙa dutsen zinari. Na ce wa bai niƙa ba a Dareta? Ya ce dalmar ta taɓa jijiyar hannun. Na ce zai dawo? Ya ce, "Sai a hankali." Na san wannan maganar. Ita aka faɗa mana a kan Zulai.

Lahadi, 14 ga Agusta
Azumi. Kofin kunu ya kife mini a gaban baƙi.

Alhamis, 25 ga Agusta
Inna ta zo daga Dareta da man shafawa. Tana murza hannun tana cewa, "Wanga wasa dai ba shi aka haife ka ka yi ba." Gaskiyarta. Amma tun da muka binne ɗiyata, a bakin tebur kaɗai nake mantawa. Yanzu ina zan je in manta?
Rubutun nan ma da ƙyar. Alƙalami sai na ɗaure shi da roba.

Asabar, 3 ga Satumba
Yau aka buɗe wasannin. Atiku maƙwabcina ya kawo rediyo har ƙofa, wai mu ji 'yan Najeriya. Na ce kaina ke ciwo. Ta katanga na ji komai. Na so su ci. Na kuma so kada su ci, Allah Ya yafe mini.

Lahadi, 11 ga Satumba
Ban fita ba. Babu abin rubutawa.

Talata, 20 ga Satumba
An gama wasannin, sun dawo, ban tambayi abin da suka samo ba.
Da la'asar Lubabatu ta share tsakar gida, ta jingine faifan katako a bango, ta ajiye bat ɗina da ƙwallo a tabarma. Ta ce, "Baban Zulai, hannu biyu Allah Ya ba ka." Na yi mata tsawa, ta shige ɗaki.
Da gidan ya yi shiru na ɗauka da hagu, don in mayar da shi jaka kawai. Sai na buga ƙwallon sau ɗaya a jikin katakon. Ta tafi bayan randa. Abin kunya, kamar ban taɓa riƙe bat ba. Ba wani abu ba ne, kuma ba zan faɗa wa Malam Shitu ba.
Sai da aka kira magariba na lura ban zauna ba.