Sinkin da Ya Riƙe Tukunyata

Zuwa ga ɗana Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hadiza da yara. Yaya Kano? Mu nan Agege lafiya lau, sai babanka da gwiwarsa ta motsa, ni kuma tunani ya hana ni sakat.

Maganar gyaran kicin ce. Ka ce a sayi sinkin wanke-wanke mai baki biyu. Ni kuwa ban yarda da awon igiya ba, sai na ɗauki babbar tukunyar Sallah, wadda na gada wurin Inna, muka shiga motar haya ta danfo har wani shagon sinki a Oshodi, tana kan cinyata.

Mai shagon ya ce, "Mama, miya za ki dafa mana?"

Na ce, "Gwaji na zo yi."

Na tura ta cikin mai baki biyun. Ta shiga, ta ƙi fita. Ƙarti uku suka yi ta ja, sai da aka shafa mata man ja, ina ta salati kada ta lotse. A mai baki ɗaya kuwa ta zauna daram, har da wurin juyawa.

Ban saya ba, don kada ka ce na ƙi maganarka. Mai aikin famfo zai zo ran Asabar ta sama. Don Allah ka aiko amsa ta hannun direban tumatir da ya kawo maka wannan wasiƙa kafin Juma'a. In na ji shiru, to tukunya ta riga ta zaɓa.

Ka gaida Hadiza, ku sa gwiwar babanka a addu'a.

Mahaifiyarka,
Asabe