Saƙon Hernán Bai Kai Wurin Mahaifiyarsa Ba

Anti Noelene, don Allah ki taimake ni.

Ban gane mijina Hernán ya tafi ba sai ranar Lahadin da ta biyo bayan jana'iza, da waya ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, Doña Elcira, daga garin Temuco, can ƙasarsu. Shekara talatin tana kiransa duk safiyar Lahadi, lokacin su can suna shayin yamma, shi kuma yana yi mana tafinta, don ita Sifaniyanci kawai take ji. Na juya in miƙa masa wayar.

Ban yi nisa a karatu ba, wanki nake yi a asibiti. Duk da haka na shiga ajin Sifaniyanci a nan Fairfield. Abin da ke kayar da ni shi ne kalmomin da suka yi kama da na Turancinmu. Sai in ga kalma kamar 'yar gida, in kama ta, ashe baƙuwa ce. Sau biyu ina magana tsohuwar ta yi shiru, ban san ɓarnar da na yi ba. Kunya ta sa Lahadi uku ke nan ban ɗaga wayarta ba.

A gadon asibiti ya ce in roƙa masa gafararta, don bai je binne mahaifinsa ba. Ya ce da bakina, ba ta bakin wani ba. Shekarunta tamanin da takwas. Har yau ban faɗa mata ba.

Matar Hernán, Fairfield

'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri.

Tsoronki yana da hujja, saƙo irin wannan ba a yi masa ganganci. Amma ki duba ta wajenta. Ta rasa ɗa, yanzu kuma wayar gidansa ba a ɗagawa. Wannan ya fi kowane kuskuren kalma ciwo. Wataƙila ma shirun da ta yi kuka ne.

Ki daina haddace dogon jeri. Duk kalmar da ta yaudare ki, ki rubuta ta cikin jimla guda game da gidanki, ki manna a firji. Saƙon kuwa, ki tsara shi a jimla uku, malamar ajinku ta gyara, ki yi ta maimaitawa kina ninke zannuwa. Neman gyara bai karya alkawari ba, tunda bakinki ne zai faɗa.

Kada ki jira harshe ya nuna. Wannan Lahadin ke za ki kira ta.

Allah ya sauƙaƙa miki, ya sanyaya zuciyar tsohuwa.

Anti Noelene