'Yata Ta Toshe Ni a Shafinta

Assalamu alaikum Anti. Ina neman shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, don sai da na aurar da ɗana na fari sannan na shiga ajin manya. Har yanzu da yatsa nake bin layi.

'Yata ta uku 'yar jarida ce, amma ba a gidan rediyo ko talabijin take ba. Ta yi aiki a wani, ta bari. Yanzu ita kaɗai take fita da waya da ɗan makirfo, ta ɗauko rahoto, ta dawo ta tace, ta ɗora a shafinta. Ɗakin da muke ajiye tarkace shi ta mayar ofis. Ta rataye tsofaffin barguna a bango wai don kada murya ta yi amo, fitilarta kuma a jikin sandar goge-goge take ɗaure ta. Babanta bai taɓa cewa komai ba, shi dai in ta fito a waya sai ya gyara tabarau.

Da na iya karatu, ita ta buɗe min shafi don in riƙa kallon aikinta. Nan na gano cewa a ƙarƙashin kowane bidiyo mutane na rubutu. Na fara karantawa, ban tsallake ko ɗaya. Wani lokaci yatsan da nake bin layi da shi yakan danna abin da ban nufa ba. Na taɓa sa fuskar dariya a ƙarƙashin sanarwar rasuwa, ƙanwar 'yar tawa ce ta cire min.

Kwanakin baya ta yi rahoto a kan wani kamfani da ke sako gurɓataccen ruwa a bayan makarantar yara. Ta sha wahalarsa, har takalminta ta jefar. Da ta ɗora, sai wani ya rubuta cewa biyanta aka yi, kuma da gani ba ta da mafaɗi. Na daɗe ina kallon kalmar nan. Sai na amsa masa. Na ce ni ce uwarta, tana da uba tana da gida, gidanmu shi ne mai koren ƙofa a bayan gidan mai, in yana shakka ya zo ya gani. Ya mayar, na mayar. Wasu suka shigo, masu cewa Mama ki ƙara masa, masu cewa 'yar jaridar ta kira mamanta ta tare mata faɗa.

Aka ɗauki hoton amsata ana ta turawa. 'Yata ta ce faɗan nawa ya fi rahoton yawo, ba wanda ke maganar ruwan kuma. Bayan haka wani ya tsaya da babur a layinmu, ya ɗauki hoton ƙofarmu, ya ɗora a ƙarƙashin bidiyon, bai rubuta komai ba. 'Yata ta kwashe kayan aikinta ta koma gidan yayanta da zama, ta bar min barguna a bango. Ranar da na nemi shafinta ban same shi ba na ɗauka data ce ta ƙare, ashe toshe ni ta yi.

Tana zuwa gaishe mu, tana cin abincina, amma in na ɗauko maganar sai ta tuna tana da aiki. Yanzu a wayar maƙwabciya nake ganinta, ita kuma ba ta bari in tsaya in karanta rubutun ƙasa. Ban san me ake ce wa 'yata ba, wannan ya fi damuna. Maƙwabciyar ta ce za ta buɗe min wani shafi da wani suna, in riƙa leƙe ba tare da 'yata ta sani ba. In yarda? Ni dai ban ga yadda za a zagi 'yata a gabana in yi shiru ba.

Uwar mai rahoto

Wa alaikumus salam Mama. Rubutunki ya fito tsaf, na gane komai.

Kada ki buɗe shafin ɓoye. Wadda ta iya bin ruwan datti har ta gano inda yake fitowa ba za ta kasa gane rubutun uwarta ba, kuma in ta gane, gyaran zai fi na yanzu wuya. Sannan ke da kanki kin san in kika sake ganin zagi ba za ki iya riƙe yatsanki ba.

Kina da gaskiya a wuri ɗaya. Tsoronki ba na banza ba ne, kuma bai dace ki tashi ki tarar an rufe miki ƙofa ba tare da bayani ba. Amma ita ma ki duba nata. Mai aiki a gidan jarida yana da mai gadi da shugaba da lauya. Ita ba ta da ko ɗaya, kariyarta ita ce ba a san inda take kwana ba, ke kuma kin ba da kwatance. Na biyu, waɗannan shafuka abin da ake cacar baki a kai shi suke turawa gaba. Mai zagin ya san haka. Amsa yake nema, kowace amsa tana ɗaga shi sama tana danne rahoton.

Ki fara da abin da ya fi gaggawa. A goge duk inda kika ambaci gida, amma kafin nan a ɗauki hoton rubutun mutumin da na ƙofar a ajiye, babanta ko yayanta ya raka ta a kai rahoto ga hukuma. Ƙofar ma a sake mata fenti, ba wani abu ba ne. Sai ki je gidan yayan nata da kanki, ki ce mata kin gane inda kuskuren yake, kada ki haɗa da amma.

Daga nan ki roƙe ta abu biyu. Duk inda za ta ɗaukar rahoto, wani a gida ya san wurin da lokacin dawowa, kuma in barazana ta zo ta faɗa muku da bakinta. Sannan ta riƙa nuna miki bidiyo kafin ta ɗora. Masu kallonta da yawa irin karatunki suke yi. In rubutun da ke gudu a ƙasan hoto ya wuce kafin ki gama, ki faɗa mata ta rage masa sauri. Aiki ne na gaske, kuma za ki riga kowa gani, tun ba a rubuta komai a ƙarƙashi ba.

Maganar buɗe miki shafi ki bar mata, za ta yi in ta natsu. Barguna kuma kada ki sauke su tukuna, ina jin za a dawo a neme su.

Allah ya tsare miki ita, ya kwantar miki da hankali. Ki gaida malamar ajinku, ta yi ƙoƙari.

Anti