Muryata Tana Aiki a Gidan Abincinki, Ni Ina Gida

Zuwa ga Hajiya mai gidan abinci na bakin titin Abuja, Suleja.

Assalamu alaikum Hajiya, ya gida ya kasuwa. Nine Sale Sarkin Faranti, wanda ke ɗauko faranti shida a hannu ɗaya miya bata zuba. Ki yi haƙuri da rubutuna, baki na iya, ba biro ba. Na kira waya kin ƙi ɗauka, shi yasa na rubuta kowa ya gani.

1. Da korona tazo, kafin azumi, kika rufe shago kikace mu tafi gida zaki kira mu. Na tafi. An buɗe gari, kin buɗe, baki kira ba.

2. Ranar nan na biyo ta ƙofar shagon da azahar, sai naji NI ina kira. A shigo a ci, tuwo da zafi! Na leƙa, kujeru a kife kan tebur, ba kowa, ta taga ake miƙa wa masu mashin abinci a leda. Ashe 'yar lasifikar nan ce da kika sa na yi magana a ciki tun da can ta naɗi muryata, aka rataye ta a ƙusa. Wallahi Hajiya muryar akwai daɗi, amma tsigar jikina ta tashi.

3. Mutane suna jin murya basa ganin mutum, sai akace na mutu. Wani direba ya ganni a tasha ya ja da baya yana salati. Na je neman aiki wani shago a garin Gawu, mai shagon yace ai yaji an yi sadakar bakwai ɗina.

4. Wannan ba wasa a ciki. Ki saurari lasifikar da kyau, bayan na ce da zafi, akwai dariyar Baba Audu mai wanke tukwane. Allah ya jiƙansa, a ciwon nan ya tafi. Kullum yana dariya a bakin titi, matarsa ta daina bi ta wajen in za ta kasuwa.

Roƙona Hajiya, ki mai da ni bakin aikina, yarana uku ne. In babu gurbi ki faɗa min da bakinki na daina jira, kuma ki sauke abin nan daga ƙusa. Ni zan jure ace na mutu, shi Baba a barshi ya huta.

Allah ya ƙara ciniki, ya tsare ki da ciwo.

Wassalam,
Sale Sarkin Faranti, ina nan da raina.