Kaza Ta Ci, Ba Ta Mutu Ba

Gaya, ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, Baban Samira,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Yamai? Ya ƙwayoyin halittar nan da kake reno a kwalba don su haɗa magani? Ina jin sun fi 'yarka ganin fuskarka.

Na rubuto ne don maganar ba ta waya ba ce, Inna na jin komai. Ruwa ya shiga rumbu, masarar da marigayi Baba ya shuka ta yi fumfuna. Inna ta yi yadda aka saba, ta watsa wa kaji don gwaji. Kaji sun ci, ko gezau. Amma 'ya'yan agwagina da suka tsinci ragowar, ɗaya bayan ɗaya suka mutu.

Inna ta ce kaza ta ci ba ta mutu ba, agwagi kuwa sanyi ne ya kashe su. Da masarar take so a dama wa Samira kunu. Ina ta kewaye-kewaye da geron da ya rage, ya kusa ƙarewa. Tsoro nake ji, kuma ba ni da bakin ce wa mahaifiyarka noman mijinta na ƙarshe guba ne.

Ka ba Labo direba amsa.

Taka,
Ramatu

Gaya, ranar Lahadi

Baban Samira,

Bayan gaisuwa da begenka, amsarka ta iso. Na gane: hantar kaza tana jure dafin fumfunar, ta agwagwa kuwa ba ta iyawa, kuma dafin ba ya mutuwa a wuta. Wato mun ɗauki mai taurin hanta shaida.

Sai da na ga Inna ta auno masarar za a kai inji na durƙusa na karanta mata wasiƙarka. Ta daɗe tana kallon Samira na wasa da ludayi, sannan ta tambaye ni ko hantar yarinya irin ta kaza ce ko ta agwagwa. Na ce ban sani ba. Ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma ba da jikarta za a gano ba.

Da yamma muka kai masarar gonar Baba, muka haƙa rami mai zurfi. Ita ta zuba da hannunta, ta hana ni taɓawa. A hanyar dawowa ta yi kukan da ban ga ta yi ba ko ranar rasuwar Baba. Na riƙe mata ƙwaryar da ta zuba masarar da ita.

Ta ware 'yan goyon masarar da ruwa bai taɓa ba, ta rataye a ɗakinta. Ba na ci ba ne, iri ne. Ta ce in gaya maka ka nemi hutu da faɗuwar damina, don ba ta yarda wani ya shuka su ba sai ɗansa.

Samira ta sha kunun gero, tana barci.

Matarka mai kewarka,
Ramatu